Abin da tarihin strobilurin ya koya mini a karatun cututtukan amfanin gona

Daga cikin abubuwan da na karanta a fannin cututtukan tsirrai, babu wanda ya sauya mini tunani kamar tarihin strobilurin, wani sinadari mai kashe fumfuna. A shekarar 1977 ne wasu masana biyu 'yan Jamus, Timm Anke da Wolfgang Steglich, suka ciro wannan sinadari daga wani ɗan ƙaramin naman gwari mai suna Strobilurus tenacellus, wanda ke tsirowa a kan ruɓaɓɓun 'ya'yan wani itacen ƙasashen sanyi, yana kuma fitar da shi ne domin ya kashe sauran fumfuna da ke takarar abinci da shi.

Na fahimci cewa farantin gwaji daban, gona daban. A cikin faranti sinadarin yana hana fumfuna numfashi sarai, amma da zarar ya sha rana sai ya lalace, don haka bai yi wa manomi amfani ba yadda yake. Sai da masana suka shafe shekaru suna sauya siffarsa kafin a samu magungunan feshi biyu daga gare shi, wato azoxystrobin da kresoxim-methyl, waɗanda suka shiga kasuwa a 1996. Kusan shekara ashirin ke nan tsakanin ganowa da feshi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne abin da ya biyo baya. Wannan magani wuri ɗaya tak yake kai wa hari a cikin sashen da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, saboda haka ɗan sauyi guda a halittar fumfuna ya isa ya sa ta bijire masa. Haka kuwa aka yi: a 1998 aka ga farar fumfunar da ke lulluɓe ganyen alkama a arewacin Jamus ta daina jin sa. A ganina bai kamata wannan ya ba kowa mamaki ba, tunda shi kansa naman gwarin da ke ƙera sinadarin yana da kariyar da ke hana shi cutuwa da shi.

Shi ya sa idan aka ce mini wani magani daga halitta aka samo shi, nakan fara tambayar ko yana jure rana da ruwan sama, da kuma wuri nawa yake kai wa hari. Idan wuri ɗaya ne, dole a gauraya shi da wani mai aiki ta wata hanyar, a kuma taƙaita yawan feshinsa a damina.