Soriyasis da maganin Indiya: kafin ku tura kuɗi

Ƙannena masu fama da ciwon fatar nan da likitoci ke kira soriyasis, mai fitowa a gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai yana zubar da farin ɓawo, dan Allah ku saurare ni kafin ku biye wa masu tallan Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, a status. Ba makero ba ne, ba ƙazuwa ba ce, kuma ba a ɗaukarsa. Garkuwar jiki ce take ingiza fata ta dinga sabunta kanta cikin kwana 3 zuwa 4 maimakon kusan wata guda. Yana lafawa ya dawo, to duk wanda ya ce zai cire maka shi daga tushe ka riƙe aljihunka.

Ni gaggawa ce ta cuce ni. Na gaji da kakkaɓe ɓawo daga kafaɗar riga duk sanda zan shiga mutane, sai na ajiye man da likita ya rubuta min lokaci guda, ashe man da ke da steroid, sinadarin kwantar da kumburi, ba a yanke shi haka, a hankali ake janyewa, wallahi fatar ta dawo ja jawur fiye da da. Na kuma kama shan wani gari a roba da babu ko sunan abin da ke ciki, sai da gwajin jini ya nuna hantata ta fara wahala na daina. Daga baya na ji cewa a 2004 an gwada magungunan Ayurveda 70 daga shagunan Boston a Amurka, 14 suna ɗauke da sinadarai masu guba, darma ko makuri ko asenik. Har ganyayyaki irin su giloy da ashwagandha an samu waɗanda suka taɓa musu hanta, balle mai shan methotrexate, maganin asibiti da ake ba wasu masu soriyasis, wanda dama can sai ana duba masa hantar.

Ban ce komai nasu banza ne ba fa. Itacen dogon yaron ƙofar gidanmu ma asalinsa Indiya ne, shi da kurkum suna cikin manyan abubuwan da suke amfani da su, amma abin shafawa daban, abin haɗiya daban. Gwada na shafawar a ɗan wuri ƙarami tukuna, kuma ka faɗa wa likitan fata duk abin da kake sha, kar ka ɓoye masa kamar yadda na yi.

Abinci kuwa, suna hana haɗa kifi da madara, su hana tsami da gishiri da yawa, ni na bi har na daina fura da nono na rame a banza. Abin da na ga amfaninsa shi ne rage ƙiba, barin sigari, samun barci, da man kaɗanya da zarar an fito wanka musamman da hunturu. Kar a sosa, kar a kankare da soso, inda ka ji wa fata ciwo nan sabo yake fitowa.

In kuma ka fara tashi da safe yatsu sun ƙage ko diddige na ciwo, je asibiti a satin, ciwon yana shiga gaɓoɓi kuma gaɓar da ta lalace ba ta komawa yadda take.