Tafiya Ƙasar Tagulla, a Sawun Hod Stuart

Ƙaramin jirgi ne ke kwasar mutane daga Shikago zuwa Hancock, can ƙuryar arewacin jihar Mishigan, a zirin ƙasar Keweenaw da ya kutsa cikin Tafkin Superior. Ƙanena da ke karatun injiniya a Houghton ya zo tarbata riƙe da wata jibgegiyar riga. "Yaya, ɗora wannan a kai," in ji shi, "wadda ke jikinka ta sanyin Jos ce." Watan Janairu ne, tulin dusar ƙanƙara a gefen titi ya fi motarmu tsayi.

Gada ce mai ɗagawa sama don jiragen ruwa ta haɗa Hancock da Houghton. A bakin ruwan, ɓangaren Houghton, akwai wani tsohon zauren wasa, Dee Stadium. Asalin ginin, Amphidrome, an yi shi a 1902, gobara ta cinye shi a 1927, aka sake ɗora wannan a gurbinsa. Ban zo da niyyar bin tarihin hokin ƙanƙara ba, amma garin ba ya barin baƙo ya wuce bai ji ba: a cewarsu nan ne mahaifar wasan a matsayin sana'a. Da farko na ɗauka cika baki ne irin na 'yan ƙaramin gari, tunda kowa ya san Kanada ce gidan hoki.

Ashe da gaskiyarsu. A wancan zamani hukumomin wasan a Kanada haramta karɓar kuɗi suka yi. Wani likitan haƙori, Jack Gibson, an taɓa korar ƙungiyarsu ta garin Berlin da ke Ontario daga gasa saboda magajin gari ya ba kowannensu kyautar tsabar zinariya ta dala 10. Da ya dawo Houghton da zama, sai ya tarar da garuruwan da kuɗin haƙar tagulla ya cika, ga dubban leburori daga Finlan, Italiya da Cornwall ta Ingila, ga dogon hunturu babu abin kallo. Shi da ɗan kasuwa James Dee suka shiga ɗauko gwanaye daga Kanada suna biyansu a fili. A 1904 aka kafa gasar ƙungiyoyi biyar: Houghton, Calumet, Pittsburgh, da garuruwan Sault Ste. Marie biyu, na Amurka da na Kanada.

A cikin tsofaffin hotunan da ke zauren na daɗe ina kallon kayan wasansu: rigar ulu, kai babu hular kwano. Cikin gwanayen Kanada da aka ɗauko akwai Hod Stuart, haifaffen Ottawa a 1879, tare da ƙanensa Bruce. Hod ɗan baya ne. Lokacin mutum bakwai ke shiga fili, 'yan baya biyu kuma ba a jere suke tsayawa ba, ɗaya ne gaban ɗaya, Stuart shi ne na gaban. Doka ta hana miƙa faifan robar da ake bugawa ga abokin da ke gabanka, don haka ɗan bayan da ya ƙwace, ko dai ya cilla shi nesa ya huta, ko ya ja shi da kansa ya ratsa abokan hamayya. Stuart ja yake yi, kuma abin da mutane ke biyan kuɗin ƙofa su gani ke nan.

Muka hau hanyar US-41 zuwa Calumet, kimanin kilomita 20, muka wuce dogon ginin ramin Quincy a kan tudu. Calumet ta ba ni tausayi. Manyan coci-coci da gine-ginen jan dutse na nan, mutanen ne babu, tun da aka rufe ramukan a ƙarshen shekarun 1960. Wannan garin ne ya ba Stuart dala 1,800 ya buga wasa, ya horar, ya kuma kula da filin, ya ci musu kofin farko na gasar a kakar 1904 zuwa 1905.

A zauren Colosseum, wanda aka gina a 1913 kuma har yau ake amfani da shi, muka tarar da yara na atisaye. Wani ɗan baya da bai wuce shekara goma sha biyu ba yana sulalawa da baya-baya, idonsa a ƙirjin mai tahowa, sandarsa a shimfiɗe, sai ƙarar ƙarfen takalmi na kankare ƙanƙara. Ni kuwa yatsun ƙafata sun daina ji tun tuni.

Stuart bai daɗe a gasar ba. Ya yi ta ƙorafin mugun wasa da alƙalan da ba sa tsawatarwa, har a ƙarshen 1906 ya bar Pittsburgh, inda ya je bayan Calumet, ya koma ƙungiyar Montreal Wanderers, don Kanada ma ta fara sassautawa a kan biya. Da su ya ɗaga Kofin Stanley, babban kofin hoki, a Maris 1907, bayan sun doke ƙungiyar Kenora. Komawar irinsa gida ce ta kashe gasar ƙungiyoyi biyar ɗin a shekarar. A ranar 23 ga Yuni 1907, yana aikin gini a Belleville ta Ontario, ya je iyo a Mashigin Quinte, ya yi tsalle daga gindin hasumiyar fitila ya faɗa kan duwatsu, wuyansa ya karye. Shekarunsa 28. Ranar 2 ga Janairu 1908 Wanderers suka kara da zaɓaɓɓun taurarin sauran ƙungiyoyi suka ci 10 da 7, aka tara wa matarsa da 'ya'yansa biyu sama da dala 2,000.