Yadda muka mayar da sabobin kamfaninmu daga Garwa zuwa Duwala

Kamfanin da nake kula wa da harkar kwamfuta na sayar da kayan masarufi ne a sari: shinkafa, sukari, fulawa, man girki, sabulu. Babban sito yana Garwa a arewacin Kamaru, akwai rassa a Marwa da Ngaundere da Kuseri. Duk rasit da aka yanka, duk buhun da ya fita, duk bashin da ake bin 'yan kasuwa, yana cikin sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanan kamfani, da ke wani ƙaramin ɗaki bayan ofishin akanta. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san zafi kan wuce digiri 40, alhali irin waɗannan na'urori sun fi son ɗaki mai digiri 18 zuwa 27. Wutar arewa kuma ta dogara sosai da madatsar Lagdo mai megawat 72, idan ruwa ya ja baya da rani sai a koma rabon wuta. Ga kuɗin man janareta, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankoki. Dalilin ke nan da muka yanke shawarar kama hayar sababbin sabobi a wata cibiyar ajiyar bayanai a Duwala.

Kafin a taɓa ko waya ɗaya, na zauna da maigidan da akanta da mai kula da sito. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, tambaya biyu ce. Awa nawa za mu iya yi kwamfuta ba ta aiki, kuma cinikin awa nawa za mu iya jure sake shigarwa da hannu idan ya ɓace?" Ya ce, "Malam, kwana guda na ɗauka, muddin ba ranar da motoci ke lodi ba ce. Amma bashi, ko sefa ɗaya ban yarda ya ɓata ba." A kan wannan amsa aka gina sauran shirin. Ni a ganina, ba aikin mai kwamfuta ba ne ya yanke wannan hukunci, domin ba shi ya san abin da awa ɗaya ke ci wa kamfani ba.

Su ne kuma suka zaɓi lokaci. Ban da gab da azumi, lokacin da sukari da fulawa ke fita ba tsayawa. Ban da ƙarshen wata saboda albashi, ban da kusa da 15 ga wata saboda takardun haraji, ban da Disamba da ake rufe lissafin shekara. Aka tsayar da wani daren Asabar bayan babbar Sallah.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne gano abin da ke jingine da sabobin. Takarda ta ce manhajar ciniki, manhajar lissafi, da ma'ajiyar fayiloli. Ban tsaya kan takarda ba, na sa ido kan duk na'urar da ke magana da sabobin har wata ya zagayo, saboda akwai ayyukan da sau ɗaya kawai suke farkawa a wata. Sai ga abubuwa suna fitowa. Sikelin da ke bakin sito yana aika nauyin kaya kai tsaye zuwa lambar adireshin tsohuwar saba, an rubuta lambar a cikinsa tun ranar da aka kafa shi. Na'urar dangwala yatsa ta ma'aikata ma haka. Lasin manhajar lissafi yana cikin wani ɗan makulli mai kama da filas da aka soka a bayan saba, wanda idan aka zare shi manhajar ba za ta buɗe ba, dole muka nemi dillalin ya canza mana lasin tun da wuri. Akwai kuma wani ɗan shiri da wani tsohon ma'aikaci ya rubuta, shi ke tura wa Alhaji jimillar cinikin rana a waya bayan isha'i. Babu wanda ya san daga ina saƙon ke fitowa, kowa dai ya san yana zuwa.

Ban yarda a ɗora tsofaffin sabobin a mota ba. Faifan da ya shekara da shekaru yana juyawa ba hutu, idan aka kashe shi ya huce, wani lokaci ba ya sake tashi, balle a ce ya sha girgizar hanya da hawan dutsen Ngaundere. Bayanan kawai muka kwafa. Sai dai nan ma akwai lissafi: bayanai masu girman terabait ɗaya a layin intanet mai gudun megabit 20 a daƙiƙa yana cin fiye da kwana huɗu, ko da layin bai yanke ba kuma babu mai amfani da shi. Don haka muka zuba kwafin farko a faifai, muka kulle shi da lambar sirri, wani amintaccen ma'aikaci ya kai shi Duwala da hannunsa, lambar buɗewa kuma ta bi wata hanya dabam. A ciki akwai sunaye da lambobin waya da basussukan mutane, kuma tun Disamban 2024 Kamaru tana da dokar kare bayanan mutane. Daga nan kowane dare canjin ranar kaɗai ake turawa. Tsofaffin takardun lissafi ma ba mu bar su a baya ba, tunda dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da Kamaru ke cikinta, ta ce a adana su shekara 10.

Kwafin ajiya da ba a taɓa gwada maido da shi ba, ban ɗauke shi kwafi ba. Muka ɗauki na makon da ya wuce, muka tayar da shi a sabuwar saba, akanta ya zauna ya buɗe asusun manyan abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da littafinsa.

A wannan gwaji ne nisa ya nuna kansa. An rubuta manhajar cinikinmu ne don saba da ke ɗaki na kusa. Kafin ta fitar da rasit ɗaya sai ta yi wa saba tambayoyi masu yawa a jere, kowace sai ta jira amsa. A cikin gini ɗaya ba a jin wannan, amma da sabar ta koma nisan fiye da kilomita 1,000, mai karɓar kuɗi sai ya zauna yana kallon allo, layi na tsawo. Maganin shi ne manhajar ta yi aiki can Duwala kusa da bayanan, hoton allo kaɗai ke zuwa wa mai karɓar kuɗi.

Ƙaurar ta rage haɗarin wuta da zafi, ta kawo na layin sadarwa. Muka ɗauki layi biyu daga kamfanoni biyu, na kuma matsa sai da suka faɗa min ta inda wayoyinsu ke bi, domin layi biyu a rami ɗaya, mota mai haƙa ɗaya ce za ta tsinka su tare. Wani ya ba da shawarar a kai komai Turai. Na tuna masa 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Kamaru. Muka tabbatar cewa hanyarmu daga Garwa zuwa Duwala ba ta fita ƙasar. Kowane reshe kuma aka ba shi littafin rasit na hannu mai lambobi a jere, aka koya wa ma'aikata yadda za su shigar da shi idan layi ya dawo.

A daren aikin an rubuta komai mataki-mataki, da sunan mai yin kowane. Mun sa iyaka: idan aka kira asalatu jimillar kaya da ta bashi ba su yi daidai a tsohuwa da sabuwa ba, a koma tsohuwa, ba gardama. Ikon cewa a koma yana hannun akanta, domin wanda ya kwana yana aiki kullum gani yake saura kaɗan. Lissafi ya daidaita kafin lokacin.

Ranar Litinin na'urar buga rasit ta Kuseri ta ƙi aiki, suka yi safiyar da littafin hannu kafin a gyara mata adireshi. Tsofaffin sabobin muka bar su a kunne, ana iya karantawa amma ba a iya rubutawa, har aka biya albashi aka kuma kai takardun haraji daga sabon wuri. Bayan haka aka goge faya-fayan tsofaffin sabobin gaba ɗaya, aka huda su a gaban akanta, ya sa hannu a takarda.