Kyamarar GMSL2 ta ƙi ba da hoto: inda matsalar ta fi ɓuya

Siginar MIPI CSI-2, wato siginar hoto da ke fitowa daga sensar kyamara, ba ta da dogon zango, da ta wuce kamar santimita 30 sai ta fara lalacewa. Kyamarar bayan mota kuwa tsakaninta da kwamfuta akwai mitoci. Shi ya sa ake sa cif biyu: siriyalaiza a jikin kyamara, mai tura komai ta waya ɗaya, da disiriyalaiza a wajen kwamfuta, mai mayar da shi CSI-2. Kasuwar waɗannan cif tana hannun tsarin GMSL na Maxim, kamfanin da Analog Devices ya saya a 2021, da FPD-Link III na Texas Instruments. Ba sa jin yaren juna, kada wani ya haɗa siriyalaizar GMSL irin MAX96717 da disiriyalaizar FPD-Link irin DS90UB954 ya zauna jiran hoto.

Kafin sayen komai a yi lissafi. GMSL2, zubi na biyu na GMSL, yana gudu a 3 ko 6 Gbps (gigabit a daƙiƙa), amma abin da ya rage wa hoto kusan 2.6 ne ko 5.2. Sensa mai 3840×2160, bit 12, hoto 30 a daƙiƙa, tana cin kusan 3 Gbps, ke nan ƙaramin gudun ba zai ɗauke ta ba.

Idan hoto bai zo ba, a fara karanta alamar LOCK, mai nuna cif biyun sun haɗu. In ba ta tashi ba, a bar direba (manhajar da ke sarrafa kyamarar) tukuna, a duba resistocin ƙafafun saiti na cif ɗin, wato CFG. Su ke zaɓar gudu da irin waya tun lokacin kunnawa. Wannan gefe a 3, wancan a 6, ba za su taɓa gaisawa ba.

Inda aka fi shan wahala, a ganina, shi ne tura wuta ta cikin wayar koks (coaxial) ɗin da ke ɗauke da hoton. Waya ɗaya mai om 50, da mahaɗi irin na FAKRA, tsawo har mita 15, ita ke ɗaukar wuta da hoto da umarnin da ke komawa kyamara a 187.5 Mbps. Jerin koyil ne ke raba wutar da siginar. Mai son rage kuɗi sai ya sa koyil ɗin da bai kai ƙarfin wutar kyamarar ba. A kan tebur lafiya lau. Da mota ta sha rana koyil ya ɗauki zafi, sai ya daina tare sigina, tana zurarewa cikin layin wuta, hoto yana ɗaukewa yana dawowa. A yi amfani da koyil ɗin da mai cif ya gwada, a dasa na farko daf da layin sigina, kuma a auna wutar a ƙarshen wayar, kyamara tana aiki.

Sai I2C, layin da kwamfuta ke ba cif umarni ta adireshinsa. Kyamarori huɗu iri ɗaya a kan disiriyalaizar MAX96712 adireshinsu ɗaya ne, duk za su amsa a tare. A buɗe layi ɗaya, a sauya adireshin siriyalaizarsa, a saita fassarar adireshin sensa, sannan a wuce na gaba. Duk lokacin da wuta ta ɗauke wa kyamara, adireshin zai koma na asali, dole direba ta sake wannan aikin daga farko.