Ledar da na shimfiɗa wa Inna

Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye, wanka da maganin hawan jini ba su taɓa ba mu wahala ba. Leda ce ta cuce mu, kuma ni na shimfiɗa ta da hannuna don kada fitsari ya lalata katifa. Zani ɗaya tal na ɗora a kai, ga bazara, ga ɗakin kwano a ƙauyenmu na gefen Ringim. Gumi da fitsari suka riƙa kwanciya a ƙarƙashinta har fatar ta jiƙe ta yi laushi.

A jikinmu baƙar fata, gyambon kwanciya ba ya farawa da ja. Wurin duhu yake yi, ka taɓa ka ji tauri da ɗumi. Na gan shi a ƙasan gadon bayanta, daidai kan ƙashi, sai na ɗauko man zafi na murza, wai jini ne ya kwanta. Murzar ce ta ƙarasa fatar. Cikin mako guda ya buɗe, muka shafe wata 3 malamin asibiti yana zuwa wankin ciwo, har akuya sai da ta tafi kasuwa.

Yanzu duk awa 2 ake juya ta, dare da rana. Ba a kwantar da ita kan ƙashin ƙugu, ana ɗan karkata ta ne a tokare bayan da filo, wani filon tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sharaɓa don diddige ya tashi daga katifa. Mutum biyu ke ɗaga ta da zani, jan ta a kan shimfiɗa yana saɓule fata. Ledar tana nan, amma zannuwan atamfa 3 ke kanta, ba tattara, da sun jiƙe a canza. Ruwan wankin ciwo kuwa lita 1 ne tafasasshe, da gishiri ƙaramin cokali 2, a bari ya huce. In ka ga mugunya, wari ko zazzaɓi, sai asibiti. Ƙwai da wake da kunun gyaɗa suna taimaka wa naman ya ciko.

Juyin dare ne mai wuya. Masu zuwa dubiya da lemo suna "Allah ya ƙara sauƙi" ba sa ganin ƙarfe 2 na dare. Sai da na zaunar da Yaya na ce, "Yaya, dare uku naki, huɗu nawa." Gwangwanin man zafin nan kuwa rannan na jefa shi masai.