Yadda muka ƙaurar da tsofaffin tambayoyi da amsoshi zuwa sabon rumbun bayanai

Duk sashen da ke taimaka wa masu amfani da wata manhaja, arzikinsa na cikin tsofaffin amsoshi. Matsalar da wani ya kawo shekaru shida da suka wuce, gobe wani zai kawo irinta. Shi ya sa da aka ba ni aikin kwashe irin waɗannan bayanai daga MySQL 5.5 zuwa MySQL 8.0 (tsohuwar siga da sabuwa ta manhajar rumbun bayanai), sharaɗin da na kafa shi ne kowace tambaya ta iso da lambarta, da ranarta, da haruffanta yadda aka rubuta su. Haruffan su suka fi cin lokaci, don haka a kansu zan fi tsayawa.

Kafin komai na rufe tsohon tsarin yadda za a iya karatu amma ba rubutu, sannan na ɗauki kwafi da mysqldump, manhajar da ke fitar da rumbun cikin fayil. Idan jadawalan InnoDB ne (ɗaya daga cikin tsarin ajiyar jadawali na MySQL), zaɓin --single-transaction ya wadatar don kwafin ya fito daidai. Idan kuwa MyISAM ne, kamar yadda tsofaffin rumbuna da yawa suke, wannan zaɓin ba ya kare komai, sai an kulle jadawalan. Kwafin nan na mayar da shi a wata kwamfuta dabam na tabbatar yana buɗuwa, kuma a can na yi duk gwaje-gwajen.

Har zuwa 5.7, tsarin haruffan da MySQL ke zaɓa da kansa latin1 ne, mai ba kowane harafi bayit ɗaya (bayit shi ne ma'aunin ajiya a kwamfuta), sai a 8.0 da ta fito a 2018 ya koma utf8mb4, wato cikakken UTF-8, inda harafi ɗaya kan ci bayit ɗaya zuwa huɗu. Manhajoji da yawa na wancan lokaci UTF-8 suke aikawa, rumbun kuma ya ajiye bayit ɗin yana zaton latin1 ne. Babu mai lura, domin yadda suka shiga haka suke fita. Ranar ƙaura asiri ke tonuwa. Harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99, kuma idan aka karanta su ɗaya-ɗaya sai su zama Æ™. Haka ɗ ke zama É—, ɓ ta zama É“, ƴ ta zama Æ´. Hanyar gane halin da ake ciki ita ce a nemo layin da aka san akwai ƙ a ciki, a duba shi da HEX(), umarnin da ke nuna ainihin bayit ɗin. Idan gurbin latin1 ne amma ga C699 a ciki, to bayanan lafiya lau suke, sunan da aka liƙa musu ne ba daidai ba.

A nan ne CONVERT TO CHARACTER SET ke yin ɓarna, domin wannan umarni na sauya tsarin haruffa zai ɗauki Æ da ™ a matsayin haruffa biyu na gaske ya sake lulluɓe kowanne, ƙ ɗaya ta koma bayit biyar. Abin da na yi shi ne mataki biyu: na fara mayar da gurbin BLOB, wato ma'ajiyar bayit zalla, wanda ba ya taɓa bayit ko ɗaya, sannan na mayar da shi TEXT mai utf8mb4. A kula, utf8mb4 nake nufi. Abin da MySQL ke kira utf8 kawai bayit uku yake ɗauka, emoji kuwa huɗu ne, kuma a tsohon saiti mai sassauci sai a datse rubutu daga inda emoji ya faɗo, babu abin da zai fito sai ɗan gargaɗin da ba mai karantawa.

Abubuwa biyu ne suke bukatar kulawa ta musamman. Na farko saƙonnin da aka gauraya da Faransanci, galibi daga abokan hulɗa na Nijar, inda wasu suka shigo da é a bayit ɗaya, E9, wato latin1 na gaskiya. Wannan ba UTF-8 ba ne, don haka mataki na biyu ko dai ya ƙi tafiya ko ya yanke rubutun a wurin. Na tace irin waɗannan layuka tun da farko, na juya su dabam. Na biyu babban Ɓ, wanda bayit ɗinsa na biyu 81 ne. A cp1252, tsarin haruffan Windows da latin1 na MySQL ya ginu a kai, babu harafi a wannan lamba, saboda haka duk wanda ya rubuta gyaransa da Python ya dogara da cp1252, nan zai tsaya cak. Ɓ ba ta da yawa a farkon jimla, shi ya sa ɗan gwajin layi ɗari ba lallai ya kama ta ba.

Sauran cikas ɗin ba su kai wannan ba. Tsohon tsarin layi na InnoDB yana iyakance mabuɗin fihirisa ga bayit 767, VARCHAR(255) kuwa a utf8mb4 ya kai 1020, sai ko dai a rage zuwa 191 ko a koma sabon tsarin layi, DYNAMIC, mai ɗaukar 3072. Ranakun 0000-00-00 da tsohon ke haɗiyewa, sabon ya ƙi su, na mayar da su NULL, wato babu komai. Lokutan da aka ajiye a DATETIME ba sa ɗauke da yankin lokaci, kuma agogonmu na Najeriya yana gaban UTC, agogon da duniya ke ma'auni da shi, da awa ɗaya. In ba a gyara ba, amsar da aka bayar yau da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare za ta iya komawa jiya, ko ta riga tambayarta zuwa.

Lambobin tambayoyi ban yarda a sake su ba. Ma'aikata sun saba cewa "duba amsa ta lamba kaza", kuma wannan ishara tana cike a cikin amsoshin kansu. Inda sabon tsarin ya nace sai ya ba da tasa lambar, na ajiye jadawali mai gurbi biyu, tsohuwa da sabuwa, na bi da shi na gyara duk isharorin. Rubutun waɗanda aka share asusunsu ma bai tafi ba, na rataya shi a wani suna na gama-gari. Lambobin waya da adireshin imel da mutane suka zuba cikin tambayoyi kuwa na goge su, tunda amsar ba ta bukatarsu, ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Hotunan allo da fayilolin da aka maƙala ba a rumbun suke ba, suna cikin babban fayil a sabar, kuma su aka fi mantawa. Na kwashe su da rsync, manhajar kwafar fayiloli, na gwada sha256sum na ɓangarorin biyu, wato lambar da ke nuna ko fayil ya canza.

A ganina ƙirga layuka bai isa shaida ba, don adadi yana iya daidaita alhali rabin rubutun ya datse. Na kwatanta tsawon kowane rubutu a bayit kafin ƙaura da bayanta, wanda ya kamata ya zo daidai in ban da layukan Faransancin nan da waɗanda na goge wa lambobi ko na gyara wa ishara. Na kuma nemi Æ da É da Ã, alamun haruffan da suka lalace, a sabon rumbun, na karanta abin da ya fito da ido. Daga nan na sa wa kowace tsohuwar amsa alamar sigar manhajar da take magana a kai, don kada wani ya bi umarnin 2014 a kan sigar bana. Tsohuwar sabar na bar ta a kunne, karatu kawai, har wata uku, kwafinta kuma yana ajiye a wurare biyu.