Inda na kai da zanen hankakan duwatsun Azbin

'Yan'uwa masu koyon zanen tsuntsaye, ga inda aiki ya tsaya. Har yanzu ina kan hankaka, amma na ɗan jingine namu na gida mai farin ƙirji, na koma kan wani ɗan'uwansa mazaunin busassun duwatsu, wanda masanin tsuntsaye Ernst Hartert ya raɗa wa sunan kimiyya Corvus rhipidurus a 1918. Ba ya sauka Zamfara. Inda ya fi kusa da mu shi ne duwatsun Azbin a Nijar, sannan akwai shi a Sudan, Habasha, Yaman da Saudiyya. Don haka da hotuna nake aiki, motsin fiffike kuwa sai in ara daga hankakin da ke shawagi gefen Dutsen Kwatarkwashi. Daga bakin titi nake kallo, kun dai san halin da ake ciki.

Wutsiya ita ce aikin duka. Tsawon tsuntsun wajen santimita 47 ne, kusan ɗaya da namu, amma baƙi ne wuluk, ba ɗigon fari. Wutsiyarsa gajera ce ƙwarai, har in ya sauka bakin fikafikansa kan zarce ta. In ya tashi kuma, fikafikan masu faɗi su kusan haɗe da ita, sai ka ce jemage. Hannun da ya saba da hankakan gida zai ja wutsiyar da tsawo ba da saninsa ba. Shi ya sa yanzu nake fara zana fikafikai, in rage wa wutsiya ɗan gurbi kaɗan. Gashin da ke kan hancinsa ma sama yake miƙewa, ba kwance yake bisa baki ba. Wannan sai da fensir mai tsini.

Abincinsa bai da zaɓi: ƙwari, mushe, dabino, ragowar abincin matafiya, hatsin da ke cikin kashin dabbobi. Yakan hau bayan raƙumi ko akuya yana tsince kaska, kuma a wannan yanayin nake son zana shi, don ya fi rai.

Sheƙarsa a tsagin dutse take, ƙwai 2 zuwa 4. Akwai wani tsuntsu mai zane-zanen fari a baya da kan faki ido ya saka nasa ƙwan a ciki, hankakan ya ƙyanƙyashe ya rena. Haka yake yi wa namu na gida ma. Ashe da kakanni suka ce hankaka mai da ɗan wani naka, sun kalli sheƙa da kyau.

Abin da ya rage mini shi ne ƙyallin gashin, baƙi mai sirkin shuɗi a rana. Gawayi na kashe shi. Mako mai zuwa zan gwada shimfiɗa shuɗin fensir tukuna, in bi da baƙi a sama. Wanda ya taɓa gwadawa a takarda mai kauri ya faɗa mana yadda ta kaya.